Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

 

Ina gaida mutanen Afala, maza da mata, manya da yara. Ina gaida na Barmu da Takanamat. Ina gaida na Kalfu da Bambai da Tebaram, da mutanen birnin Tawa baki ɗaya. Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwanmu da ke wurin biɗa, waɗanda wannan murya za ta iske ta wayar salula a Abijan, ko Legas, ko Libiya. Allah ya maido ku gida lafiya.

Kaka ta yi. Hatsi ya shiga rumbu. Sanyi ya fara leƙowa da asuba. Duk ɗan Adar ya san abin da ke biyo baya. Ganga za ta fara tashi da dare. Samari za su share dandali. Hirar majalisa za ta koma kan tambaya guda: bana su wa za su riƙe sunan Tawa a kokowar takobi?

A kan wannan tambaya sharhinmu na yau zai tsaya. Maganata guda ce, kuma iyayenmu sun riga ni faɗinta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ana gina ƙungiya tun ganga ba ta tashi ba, tun fili babu ɗan kallo ko ɗaya.

Amma kafin mu shiga filin kokowa, ku ba ni aron kunnuwanku mu yi tafiya mai nisa. Za mu je Amurka, mu dawo.

A can suna da wani wasa da suke kira ƙwallon ƙafa, amma ya sha bamban da tamaular da muka sani. Ƙwallon nasu dogo ne kamar kabewa. Da hannu ake jifansa, da hannu ake gudu da shi. 'Yan wasa suna sa hular kwano da sulke, suna karo da juna kamar raguna. Mutum 11 nan, mutum 11 can. Babbar gasarsu ana ce mata NFL, ƙungiyoyi 32 ke cikinta. Suna fara wasa a watan Satumba. Suna gamawa a watan Fabrairu da wasan ƙarshe mai suna Super Bowl.

Ku lura da wannan lissafi. Wata biyar zuwa shida ana wasa. Sauran shekara babu gasa. Mai kallo daga nesa zai ce hutu suke yi. Alhali a cikin waɗannan watanni ne ake yin babban aikin.

A lokacin ne ake sallamar wasu. A lokacin ne ake ɗauko wasu. A watan Afrilu ana zama a zaɓi sabbin matasa daga jami'o'i, kuma zaɓen yana da ƙa'ida mai kyau. Ƙungiyar da ta zo kurar baya ita ke fara zaɓe. Wadda ta ci kofi ita ce ta ƙarshe. Akwai kuma iyakar kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe wajen albashi, don kada mai kuɗi ya kwashe gwanaye duka. Bayan haka a tara mutum har 90 a sansanin horo. A gwada su cikin zafin rana. Kafin a fara gasa, sai a tace su, a bar 53.

To, bari in ba ku labarin ƙungiya guda, don magana ta fito fili. Sunanta Kansas City Chiefs.

A wannan wasa akwai ɗan wasa guda da komai ke bi ta hannunsa. Shi ke karɓar ƙwallo, shi ke raba shi, shi ke faɗin hanyar da za a bi. Mu kira shi madugu, kamar madugun ayari. A shekarar 2017 wannan ƙungiya tana da madugu nagari mai suna Alex Smith. Yana cin wasa, ba a kuka da shi. Duk da haka shugabannin ƙungiyar suka zaɓo wani yaro mai suna Patrick Mahomes. Ba su jefa shi fili nan take ba. Kusan shekara guda yana zaune a gefe, yana kallon babba, yana koyo. Wasa ɗaya tak ya jagoranta a wannan shekara. Da suka ga ya nuna, a farkon 2018 suka miƙa Alex Smith ga ƙungiyar Washington, suka ba yaron ragama. A watan Fabrairun 2020 Kansas City ta ci kofi. Shekara 50 ke nan rabonta da shi.

Labarin bai ƙare ba. A watan Maris na 2022 ƙungiyar ta rabu da Tyreek Hill, ɗan wasan da ake ji da shi wajen gudu. Ya koma Miami. Magoya baya da yawa ransu ya ɓaci. A madadinsa ƙungiyar ta karɓi damar zaɓen matasa har biyar. Ta cika gurabe da sabbin jini. A Fabrairun 2023 ta ci kofi. A Fabrairun 2024 ta sake ci.

Me ya ba su wannan nasara? Jama'a sun ga tafi da murna ranar wasan ƙarshe. Amma an ci kofin nan tun ranar da aka zauna a ɗaki aka yanke shawara: wa za a riƙe, wa za a saki, wa za a yi wa raino. Sun fafe gorarsu tun tafiya ba ta zo ba.

Yanzu mu dawo gida.

Mu a Nijar babban wasanmu kokowa ce. A nan Tawa aka fara gasar takobi ta ƙasa, a shekarar 1975, zamanin Seyni Kountché. Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaga takobin. Tun daga lokacin gasar ke zagaya jihohi. Jihohi takwas ne, kowace na kawo 'yan kokowa 10. Wanda ya sha kaye ya fita daga neman takobi. Sai waɗanda ba su faɗi ba ke kaiwa ƙarshe. Mun ga yadda Isaka Isaka na Doso ya riƙe takobin shekaru a jere. Mun kuma ga ranar da namu, Yahaya Kaka, ya ɗaga shi da sunan Tawa.

Gurbi 10 kawai. Ku dubi faɗin jihar nan, daga Ƙwanni zuwa Cintabaradan, daga Madawa zuwa Bagaruwa. Garuruwa nawa, samari nawa? Duk a cikinsu za a fidda mutum 10. Ashe mu ma muna da namu lokacin tacewa. Mu ma duk shekara wani na fita, wani na shiga. Tambayar ita ce: yaya muke yin wannan aiki, kuma yaushe muke fara shi?

Zan kawo muku abu uku. Ku bi ni sannu a hankali.

Abu na farko shi ne zaɓe da gaskiya.

Malam manomi, kai ka fi kowa sanin wannan. Ranar girbi, kafin a ɗaure dami, kana zagaya gona kana duba zangarniya. Mai cika, mai nauyi, wadda tsutsa ba ta taɓa ba, ita kake warewa. Ita ce irin baɗi. Ba ka taɓa ware zangarniya don ta fito kusa da bukkarka ba. Ka san in ka yi son kai wajen zaɓen iri, gona za ta tona maka asiri da damina.

Haka filin kokowa yake. Yashi bai san ɗan wane ba. In aka sa yaro cikin goma don ubansa na da faɗa a ji, ranar farko za a kwantar da shi gaban duniya. Kunyar kuwa ta jiha ce baki ɗaya. Saboda haka ina roƙon masu zaɓe su bar kaye ya yi magana. A yi gwaji a fili, gaban jama'a, tun daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa jiha. Wanda ya kada, shi ya ci.

Kuma a buɗe ido a duba nesa. Gwani ba kullum yake zaune inda ake tsammani ba. A wancan wasa na Amurka akwai wani mai suna Tom Brady. A zaɓen shekarar 2000 sai da aka ɗauki mutum 198 kafin a kira sunansa. Daga baya ya ci kofi sau bakwai, abin da babu ɗan wasan da ya taɓa yi. Akwai kuma Christian Okoye, ɗan Inugu a Nijeriya. Jifan faifai ya kai shi Amurka, sai da ya girma ya fara taɓa ƙwallon. A 1989, yana wasa a Kansas City, babu wanda ya kai shi gudu da ƙwallo a duk gasar.

Wa ya sani ko sarkin kokowa na gobe yana wani ƙauye na Afala yanzu haka, yana jan guga a bakin rijiya? Ƙarfinsa na nan. Dabararsa na nan. Abin da ya rasa shi ne idon da zai gan shi. In masu zaɓe suka tsaya cikin birni, a inuwar filin kokowa na Hamidin Mai Dare, suna jiran gwanaye su kawo kansu, to da yawa ba za su zo ba. Wani kuɗin mota ne ba ya da shi. A je a same su. A fara da garuruwan da aka daɗe ba a ji sunansu ba, kamar yadda waɗancan ke barin na baya ya fara zaɓe.

Wannan shi ne na farko. Zaɓe da gaskiya, kuma tun da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na biyu shi ne tsakanin tsoho da yaro.

Nan ne zuciya ke yin nauyi. Akwai ɗan kokowar da ya shekara goma yana ɗaukar sunan gari a kafaɗa. Makaɗa sun san kirarinsa. Yara na kwaikwayon tafiyarsa. Sai ga shi gwiwa ta fara ciwo, numfashi ya fara gajarta. A bayansa ga yaro mai tashen ƙarfi yana jiran gurbi. Me za a yi?

Kada a yi gaggawar ture babba don shekaru kawai. Da tsohuwar zuma ake magani. Tom Brady ɗin nan da na ambata, bayan shekara 20 a ƙungiyar New England ya koma ta Tampa Bay a 2020. Yana da shekara 43 ya ci musu kofi. A kokowa ma mun sha ganin mai dabara ya kada mai ƙarfi. Muddin babba na kayarwa a gwaji, gurbinsa nasa ne.

Amma in fili ya nuna lokaci ya yi, a gaya masa gaskiya cikin mutunci. A same shi a gida. Kada ya ji a bakin 'yan majalisa. Kuma kada a bar shi ya koma gefe yana kallon hanya. A ba shi yara ya horar. Abin da ke cikin kansa ya fi abin da ya rage a damtsensa. Ya san yadda ake karanta tsayuwar abokin karawa. Ya san lokacin shiga da lokacin ja da baya. Ya san yadda ake riƙe zuciya in fili ya cika, ganga na tashi, ƙafa na rawa. Wannan ilimi babu shi a littafi. In ya tafi da shi kabari, an yi asara.

Ku tuna da Mahomes. Shekara guda ya yi yana zaune kusa da babba kafin a ba shi ragama. Mu kuwa sau da yawa muna ɗauko yaro daga ƙauye mako biyu kafin gasa, mu jefa shi gaban dubban mutane. In ya faɗi mu ce ba ya da zuciya. Ina zai samo ta? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowane babban ɗan kokowa ya kamata a ce yana da yara biyu ko uku da ke bin sa, suna riƙe masa kaya, suna kallo, suna koyo. Ranar da zai sauka, magaji na tsaye.

Wannan shi ne na biyu. A girmama mai fita, a yi rainon mai shiga.

Abu na uku shi ne wanda ya fi damuna, kuma namu ne mu 'yan Adar. Ina nufin biɗa.

A Amurka shugabannin ƙungiya ke yanke shawarar wanda zai tafi. A nan rumbu ke yankewa. In damina ta yi gardama, kafin sanyi ya kankama samari sun ɗaure jaka. Ku je tashar mota ta Tawa a irin wannan lokaci. Na sha tsayawa a wurin ina kallo. Za ka ga ƙarti majiya ƙarfi, waɗanda da an ba su dama da sun girgiza fili, suna hawa mota zuwa kudu ko arewa. Wani zai dawo da faɗuwar ruwa. Wani sai bayan shekara uku. Ƙungiyar tamaula ta gari ma haka take watsewa. Mai tsaron gida yana Abijan, mai cin ƙwallo yana Agadas.

Ba zan ce wa kowa kada ya tafi ba. Wanda ya fita neman abin da iyayensa za su ci ya yi abin yabo. Gidaje da yawa a Adar da kuɗin biɗa aka gina su. Amma tun da mun san lokacin tafiyar, me zai hana mu riga ta?

Ga abin da nake gani. A yi kokowar gari da zarar an gama ɗaurin dami, tun samari na gida. Tsofaffin 'yan kokowa su zauna su duba. A samu littafi guda a hannun mutum mai amana, a rubuta sunan duk yaron da ya nuna alama, da garinsu, da lambar da za a same shi. In an ware biyu ko uku da ake sa rai da su, gari ya ɗauki nauyinsu na 'yan watannin nan. Kowace unguwa ta ba da dami. Mai shago ya ba da abin da ya sawwaƙa. 'Yan'uwanmu na waje, ku da kuke tara kuɗi ku gina masallaci da aji a garinku, ku sa wannan ma cikin lissafi. Ɗan kokowa na bukatar fura da nono, da tuwo, da ɗan nama. Yana bukatar likita ya duba shi kafin ya shiga fili. Yana bukatar ya san gidansu ba za a kwana da yunwa ba don ya tsaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na san abin da wani ke faɗi yanzu a bakin rediyonsa. Yana cewa: Malam, ina mu ina Amurka? Su da ke da dukiya kamar ƙasa, mu da ke lissafin tiya?

Gaskiyarka, ɗan'uwa. Kuɗinsu ba mu da shi. Amma duba abin da na lissafa. Gwaji a fili ba ya cin kuɗi. Littafin sunaye bai kai jika ɗaya ba. Zaman yaro kusa da babba kyauta ne. Abin da za mu ara a wurinsu shi ne shiri da wuri, kuma wannan ma ba baƙo ba ne gare mu. Mu ne ke haƙa ramukan tassa da rabin wata a kan fako cikin zafin rani, tun babu ko gajimare a sama. Mu zuba taki, mu jira. Ranar da ruwa ya sauka, gonar wanda ya haƙa daban take da ta wanda ya kwanta. Wanda ya iya wannan, ba sai an koya masa tanadi ba.

Akwai kuma abin da ba za mu ara ba. A can, mutum kan wayi gari a ce masa ya kwashe kayansa, an sallame shi. Da yawansu 'yan shekaru kaɗan suke yi a wasan. Wasu na fita da ciwon kai da na gaɓoɓi da ke bin su har tsufa, saboda yawan karo. Mu ɗan kokowarmu ɗan gari ne. Mun san uwarsa, mun san gonarsu. Wanda bai samu shiga cikin goma ba, namu ne. Wanda ya je ya faɗi, namu ne. A tarbe shi da ruwan sanyi, a ce masa sannu da ƙoƙari, Allah ya kai mu baɗi. Yaron da aka yi wa haka zai dawo da ƙarfinsa. Wanda aka yi wa dariya, mota zai hau, ba za a sake ganinsa a fili ba.

To jama'a, bari in tattara maganar kafin lokaci ya ƙure mana.

Ku shugabannin kokowa na gunduma da na jiha, amana ce a hannunku. Ku fita ƙauyuka. Ku bar kaye ya yi zaɓe.

Ku iyayenmu masu gari da magadan gari, ku sa ranar kokowar gari tun yanzu, kafin motoci su kwashe samari.

Ku tsofaffin zakaru, kada ku naɗe hannu. Kowa ya kama yaro guda ya koya masa abin da ya sani.

Ku iyaye mata, ku da ke dama furar da ke zama ƙarfi a jikin 'ya'yanku, mun san da ku. Ku ci gaba da sa musu albarka.

Kai kuma saurayi, kai da ke jin ƙaiƙayin fili a jikinka, kada ka jira sai ka ji ganga. Ka tashi da asuba ka yi gudu. Ka nisanci ƙwaya, domin ƙarfin da take bayarwa bashi ne, kuma da lafiyarka za ka biya. Ka je gun babba ka durƙusa ka ce ya koya maka. Takobin da za a ɗaga a ƙarshen shekara, a irin wannan safiya ake fara ƙera shi.

Ranar gasa za ta zo. Za mu taru a bakin rediyo da talabijin, zuciya na bugawa, muna jiran a kira sunan Tawa. Abin da za mu ji a ranar, yau ne ake shuka shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Allah ya tsare mana samarinmu, na gida da na biɗa. Allah ya sa takobi ya kwana a Adar.